Takardar da na ɓoye wa Baba



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Tajaye. Shekara 8 ke nan ina koya wa manya karatu da lissafi. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma a garinmu duk wanda ya samu takarda ni yake kawo wa. Takardar lanho, takardar likita, saƙon ɗa daga Abijan. Na karanta wa mutane labarin haihuwa, na karanta masu na mutuwa. Ban taɓa ɓoye wa mutum abin da ke cikin takardarsa ba, sai sau guda. Ta mahaifina ce. Ta yi kusan wata biyu cikin aljihuna. Labarinta nake so in ba ku.

Abin ya faro da kakar 2023. Muna ɗaurin dammunan gero na lura Baba ba ya shanye furarsa. Mutum ne mai tashi da ƙwarya guda shi kaɗai. Yanzu ludayi uku, huɗu, sai ya ture, ya ce cikinsa ya cika. Mazagin wandonsa ya ƙara tsawo. Da dare yakan ce bayansa na ciwo, ya tashi zaune ya duƙa gaba, wai haka ya fi jin sauƙi. Munka ce gajiyar aiki ce. Wane tsoho ne bayansa ba ya ciwo da kaka?

A watan Nuwamba idanunsa sunka koma rawaya. Fitsarinsa ya yi ja kamar shayin da ya daɗe bisa wuta. Bayan gidansa kuwa ya yi fari kamar farar ƙasa. Sai ga ƙaiƙayi, yana susa da ƙaran dawa har jini ya fito. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce shawara ce. Anka haƙo saiwar rawaya, anka jiƙa, yana sha safe da yamma. Wata guda cur muna haka.

Ba na raina maganin gida, da shi anka raine mu. Amma shawara ba iri guda ba ce. Akwai ta ciwon hanta, akwai wadda zazzaɓin sauro ke kawowa, akwai kuma ta toshewa. Ita ta toshewa, ko ka sha randa guda ta jiƙo ba ta buɗewa. Jama'a, in kun ga babba ya yi shawara, yana ramewa, ga ƙaiƙayi, ga farin bayan gida, kada ku jira kamar yadda munka jira. Ku kai shi asibiti cikin makon.

Da munka je ƙaramin asibitinmu, manjo ya auna jininsa bai ga zazzaɓin sauro ba. Ya danna cikinsa ya daɗe yana dannawa. Sa'an nan ya rubuta mana takarda mu yi gaba. Munka tafi Galmi, asibitin mishan ɗin nan da anka buɗe tun 1950. Can anka yi mishi hoton ciki, wanda ake ce wa eko. Likita ya ɗauko takarda ya zana mini abin da ya gani.

Ku masu fiɗar dabba kun san wurin, ko da ba ku san sunansa ba. In an fito da kayan ciki, akwai wata tsoka mai laushi, fara-fara, manne da farkon hanji. Ga mutum tana kwance a bayan tumbi, tsawonta bai kai taƙi guda ba. Likitoci na ce mata pankireyas. Aikinta biyu ne. Tana zuba wa hanji wani ruwa mai narkar da abinci, musamman mai maiƙo. Tana kuma yin sinadarin insulin, wanda ke daidaita sukari cikin jini. Bututun da ke sauko da ruwan madaciya daga hanta ta cikin kanta yake ratsawa. To, a nan ƙari ya fito wa Baba, ya danne bututun, kamar yadda mutum ke taka tiyo a garkar albasa. Ruwan madaciya ya rasa hanya, ya koma cikin jini. Shi ne rawayar ido, shi ne ƙaiƙayin.

Likitan ya ce sai an yi babban hoto, wato sikanar. Da lokacin da ne, da wataƙila Sakkwato munka nufa, don daga Birnin Ƙonni ba ta kai kilomita 100 ba. Amma tun ƙarshen Yuli na 2023 iyaka na rufe, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024. Sai Yamai, fiye da kilomita 400. Munka saida sa guda. Wana da ke bida a Abijan ya aiko da abin da ya samu. Farkon Janairu munka shiga mota, ni da Baba, munka sauka gidan wani ɗan garinmu.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi ƴaƴa a cikin hanta. Na ce a cire mana shi, ko nawa ne za mu nema. Ya girgiza kai. Ya ce akwai babban aiki da ake yi, mai sunan wani likitan Amurka, Whipple, wanda ya bayyana shi a 1935. Ana yanke kan tsokar da wani sashe na hanji da madaciya, a sake ɗinkewa. Amma sai ciwon bai bar wurinsa ba. Cikin mutum 5 da ke zuwa da wanga ciwo, da ƙyar guda ke zuwa a kan lokacin aikin, saboda tsokar na ɓoye can cikin ciki, ba ta yin ƙara sai abu ya yi nisa. Ko a Faransa da Amurka, inda kayan aiki sunka cika, kamar mutum 1 cikin 10 ne ke kai shekara 5 bayan an gano shi.

Na tambaye shi ko jiƙon rawaya ne ya cuce mu. Ya ce watan nan da munka ɓata bai kyautu ba, amma mai yiwuwa ciwon ya daɗe da yaɗuwa tun kafin ido ya canza. Ban sani ba ko don ya sanyaya mini rai ne. Na dai riƙe maganar, ta taimake ni.

Ya lissafa abin da za su iya. Za su iya yi wa ruwan madaciya wata hanya, ƙaiƙayi ya tsaya. Za su iya ba shi maganin da ake ce wa shimiyo, mai rage wa ciwon gudu. Za su iya kashe zafi. Warkewa ba ta cikin lissafin. Ya ce ya kamata mai ciwon ya sani, in na yarda mu shiga mu faɗa mishi tare. Na ce ya dakata in yi shawara da manya. Ya ninke takardar ya ba ni.

Na kira wana. Na kira Baffa, ƙanen Baba. Bakinsu ya zo ɗaya. Baffa ya ce: "Kul ka faɗa mishi. In ya ji sunan ciwon nan zai saki jiki, kai ka kashe shi ke nan." Wana ya ce a yi duk abin da likita ya ce, kuɗi matsalarsa ce. Ni ƙarami ne a cikinsu, kuma gaskiya ni ma tsoro nake ji. Da na koma Baba ya ce: "Mi sunka gani?" Na ce shawara ce mai taurin kai. Ya ce to.

Da maganar aiki ta kai gida, Gwaggo ta tada hankali. Ita an gaya mata gaskiya. Ta ce kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in an taɓa shi sai ya haukace. Kun san wagga magana, ni ma da ita na tashi. Abin da na gani da idona dabam ne. Anka yi aikin, cikin mako biyu ƙaiƙayi ya tafi, ido ya fara washewa, Baba ya yi barci har da minshari. Ya nemi tuwo da miyar kuka. Ina ganin abin da ya sa mutane ke cewa ƙarfe na haukata daji, ba a kai mai ciwon asibiti sai ya kusa ƙarewa. In ya cika bayan allura, sai a ɗora wa allura.

Amma sauƙin nan ya zame mini tarko. Baba ya ɗauka warkewa ce ta zo. Yana lissafin irin da zai shuka, yana cewa a saida abin da za a saida a ƙarasa magani, in ya tashi zai maida. Munka saida sa na biyu da tumaki 4. Wani mai magani da lasifika a bakin kasuwa ya rantse mini yana da na daji, sha uku. Na ba shi jikka 40, ni da nake koya wa mutane lissafi. Garin ya sa Baba gudawa kwana biyu. Daga nan wana ya ce a sa gonar fadama a kasuwa. Ita ce ke ciyar da gidanmu da rani.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. A 2021 anka fara gasa ciwon da na'urar haske a can, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan mai bukatar wanga magani sai ya fita waje. Na Baba ba na haske ba ne, tunda ya yaɗu. Shimiyo anka sa mishi, ruwa ne da ake ɗaurawa ta jijiya. Na ce mishi ƙarin ruwa ne na ƙarfin jiki. Muna zaune a layi da mutanen Damagaram, da na Maraɗi, da na Dosso, mafi yawa mata, wasu gashin kansu ya zube. Baba ba ya karatu, amma ba makaho ba ne. Yana kallonsu, yana kallona.

Bayan ɗauri na biyu ya sha wuya. Amai, gyambon baki, ko buta ba ya iya ɗagawa. Wani dare a farkon Maris, muna kwance a zauren mai masaukinmu, na ji ya ce:

"Mushe."

Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi wasa rabi girmamawa.

"Na'am, Baba."

"Takardar nan da ke aljihunka, wadda kake taɓawa kullum, ta wa ce?"

"Taka ce, Baba."

"Ka karanta wa duk gari tasu. Ni mi na yi maka?"

Na kunna fitilar waya. Hannuna na rawa. Na karanta da Faransanci yadda take, sa'an nan na faɗa mishi da Hausa yadda likita ya faɗa mini, ban rage komi ba. Ya yi salati. Ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci. Can ya ce:

"Tun ranar da ka daina kallon idona na san ba shawara ba ce. Nawa anka kashe?"

Na faɗa.

"Fadama fa?"

"An yi ciniki, ba a karɓi kuɗi ba."

"Gobe da asuba ka kira Baffanka. A fasa."

Bai yi kuka ba. Ni na yi, shi ya riƙa ba ni haƙuri. Abin da Baffa ya ji tsoro bai faru ba, Baba bai saki jiki ba. Abin da ya ɓata mishi rai guda ne: an saida shanunsa, ana shirin saida gonarsa, a kan maganar da kowa ya sani ban da shi.

Ranar komawa asibiti ya ce shi zai yi wa likita tambaya da bakinsa.

"Likita, wanga ruwa da kuke sa mini, warkarwa yake ko jinkiri?"

"Jinkiri ne, Baba."

"Na nawa?"

"Ranar mutum Allah kaɗai ya san ta. Amma a irin naka, watanni muke fata, ba shekaru ba."

"To, na gode. Watannin nan a gida nake son su."

Likitan bai ja da shi ba. Ya rubuta maganin zafi, ya rubuta takarda zuwa ga manjonmu. Kada wani ya ji wannan ya ce malamin yaƙi da jahilci ya ce a bar shimiyo. Ban ce ba. Akwai wani dattijo da muke layi tare, jikinsa ya ɗauki maganin, yana zuwa da ƙafarsa yana komawa, ya ce shi zai ci gaba, kuma ya yi daidai. Akwai ciwon daji iri-iri da ake warkewa sarai in an zo da wuri. Kuɗin asibitocin gwamnati ma an rage shi a Satumba na 2024, mu dai lokacin ya wuce mu. Abin da nake cewa, jikin na Baba ne, dukiyar tasa ce, mu kuwa mun yi wata biyu muna yanke mishi hukunci a bayan idonsa.

Munka iso gida saura kwanaki kaɗan azumi. Jinya a gida aiki ce, bari in faɗa maku abin da na koya.

Zafin wanga ciwo babba ne, don akwai jijiyoyi a bayan tsokar. Maganin da ya kwantar da shi sunansa morfin. Ba a samun shi a ƙauye, sai babban asibiti, sai da takardar likita. Ƙa'idarsa a ba shi bisa agogo, kada a jira sai zafi ya taso. Ƙanwata ta yi shekara 2 a ajinmu na mata. Na ja mata layuka cikin kaye, na rubuta awoyi, duk ba shi da ta yi sai ta sa alama. Ko ina wurin aiki ban da damuwa. Maganin na ɗaure ciki, saboda haka likita ya haɗa da na sassautawa, muna kuma ba shi ruwa a kai a kai. Sau guda ya ƙare mana, kwana uku kafin in samo wani. Ba na son tuna kwanakin nan. Wani ya kawo taramol na tebur, na ƙi, don ba ka san ƙarfin abin da ke ciki ba. In kuna jinya irin wagga, ku tashi neman magani tun saura na mako guda.

Sai rigimar abinci. Inna ta yi ta dafe-dafe. Ta yanka kaza, ta kwaɓa da man shanu, ya ɗanɗana ya ture, ta koma ɗaki tana kuka wai ya ƙi abincinta. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa cikinsa ba ya iya narkar da maiƙo yanzu, shi ya sa in ya ci bayan gidansa ke fitowa da mai. Munka koma kunu, da fura mai ruwa-ruwa, da romo maras kitse, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In ya ce ya isa, ya isa. Ya so ya yi azumi. Liman ya zo da kansa ya ce mishi addini ya ɗauke wa maras lafiya, ya sha maganinsa.

Wani abu ya ƙona mini rai. Da sunan ciwon ya bazu, sai na ga an ware mishi ƙwarya da ludayi, an hana jikoki shiga ɗakinsa. Ciwon daji ba a ɗaukarsa. Ba tarin fuka ba ne, ba ƙyanda ba ce. Ba ya bin ƙwarya, ba ya bin numfashi, ba kuma jifa ba ne. An san shan taba na ƙara haɗarinsa, da tsufa, amma yana kama wanda bai taɓa sha ba. Na ɗauki ƙwaryar na sha a gaban kowa. Da yamma yara sunka koma bisa tabarmarsa, yana yi masu tatsuniya da ƴar muryar da ta rage.

Bayan ƙaramar salla ya ce in kawo kaye da biro. Ya kira Baffa da liman su zama shaidu. Ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa. Ya faɗi iyakar gonar tudu, daga gawo zuwa tsohuwar rijiya, inda shekara da shekaru ake gardama da maƙwabcinmu. Ya aika anka kira maƙwabcin, sunka daidaita, sunka yafi juna. Ya sa anka sauko da zangarniyar da ya ware ta iri, ya nuna mini wadda za a fara shukawa. Da na ci gaba da ce mishi shawara ce, duk wannan da ba a yi ba.

Wana ya iso ƙarshen Afrilu da fushi. Ya ce na karya maganar manya, na hana a ƙarasa magani. Ban tanka ba. Baba ya sa anka bar su su biyu a ɗaki. Ban san abin da sunka faɗa ba. Da ya fito idonsa ja, ya zauna kusa da ni, ya ce in nuna mishi yadda ake cika kayen magani. Shi ya karɓi kwanan dare daga ranar. Baffa kuwa har yau yana ganin da ban faɗa ba, da ya ƙara kwana. Na bar shi da ganinsa.

Baba ya cika a watan Mayu na 2024, da asuba, ana tsananin zafin bazara, ruwa bai sauka ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku. Fadama na nan, bana ma mun yi albasa a cikinta.

Mun biya duk bashin da ke cikin kayen kafin arba'in, sai guda. Dami 2 na gero ne na wani Bafillace da ya taɓa yi mana kiwo, ya yi arewa da dabbobi. Sai bayan kaka ya sauko. Na aika anka kira shi, na buɗe kaye na karanta mishi. Ya ce shi wallahi ya manta. Ya ce in nuna mishi inda sunansa yake. Na nuna. Ya ɗora yatsa a wurin, ya daɗe yana kallo. Sa'an nan munka kama mishi ya aza geron bisa jaki.